Jiki Magayi: Nazari a Kan Jijiyoyin Jin Zafi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce jiki magayi. Galibi akan yi wannan karin magana ne ga mai kunnen ƙashi, wanda ba ya jin gargaɗi sai wuya ta kama shi. Amma in aka dube ta da idon basira, za a ga ta ƙunshi wata gaskiya game da halittar ɗan Adam. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda jiki ke gaya wa mai shi cewa an cuce shi, da kuma abin da ke aukuwa in ya yi shiru. An ɗauko misalai daga rayuwar masunta da manoma na ƙasar Kabi.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi, domin ta haɗa da hanyar jini da agara da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan ta ƙarshe ake nufi a nan. Daga cikin irinta akwai wasu da aikinsu kawai shi ne tsinkayar abin da zai ɓata nama, kamar suka da ƙuna da dafi. Wani masani Bature, Charles Sherrington, shi ya raɗa musu suna a 1906. Bakunansu suna warwatse a fata da gaɓoɓi da kayan ciki.

Har wa yau, Hausa ta bambanta tsakanin suka da zogi. Wannan bambanci kuwa yana da tushe a cikin jiki, kamar yadda za a gani.

3.0 Hanyar Saƙo

Alal misali, a ɗauki masunci a Argungu wanda ya shiga ruwan Matan Fada da homa da gora, ya taka ƙayar kurungu. Nan take bakin jijiyar da ke tafin ƙafarsa zai mai da sukar ta zama saƙon lantarki, ya hau zuwa laka. Daga laka umurni zai komo ga tsokar ƙafa ta janye, tun ƙwaƙwalwa ba ta san abin da ake ciki ba. Sai saƙon ya isa ƙwaƙwalwa sa'an nan mutum ya ce wash.

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon iri biyu ne. Na farko suna da siririn rufi na kitse, saƙonsu kan ci mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa ɗaya. Su ke kawo suka mai kaifi, wadda ke nuna daidai wurin da abin ya faru. Na biyu ba su da rufi, gudunsu bai faye wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Su ke kawo zogi da raɗaɗin da ke biyo baya, wanda kan hana barci. Ke nan suka da zogi 'yan aike biyu ne, ɗaya bisa doki, ɗaya a ƙasa.

4.0 Abubuwan da ke Ƙara Zafi ko Rage Shi

A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano wata ƙofa a bakin waɗannan jijiyoyi, wadda ake kira TRPV1. Tana buɗewa in zafi ya kai kimanin digiri 43, kuma sinadarin da ke cikin barkono ma yana buɗe ta. Shi ya sa mai cin yaji kan yi gumi kamar an sa masa wuta a baki. Wannan bincike ya jawo masa lambar Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian.

Daɗin daɗawa, in rauni ya kumbura, nama kan fitar da wasu sinadarai masu sa jijiyoyin su yi saurin tashi, har shafar riga ta zama azaba. Hikimar haka ita ce a tilasta wa mutum hutar da gaɓar. Asfirin yana rage zafi ne ta hanyar hana ƙera wasu daga cikin sinadaran.

A 1965 kuma Melzack da Wall suka kawo bayanin cewa a cikin laka akwai wata mashiga da saƙon shafa ke iya tsuke ta. Wannan ne dalilin da uwa ke murza wa ɗanta wurin da ya buge. Ƙwaƙwalwa ita ma takan aiko da umurnin danne zafi, shi ya sa ɗan kokawa ba ya jin targaɗe sai an tashi daga fage.

5.0 In Jiki Ya Yi Shiru

Babu abin da ke nuna darajar zafi kamar cutar kuturta. Ƙwayarta, wadda Hansen ya gano a Norwe a 1873, tana lalata jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa. Jama'a da yawa sun ɗauka cutar ce ke cinye yatsu da kanta. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Indiya, ya nuna cewa akasarin ɓarnar daga rashin jin zafi take. Manomin shinkafa a fadamar Birnin Kebbi wanda ƙafarsa ta mutu zai taka ƙaya, ya yini a ruwa bai sani ba. Gyambo ya kafu, ya ruɓe, ya ci har ƙashi. Irin wannan kan sami mai ciwon sukari da ya daɗe.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna masu warkar da kuturta, kuma daga 1995 kyauta ake ba da su. Sai dai maganin yana kashe ƙwayar cuta ne, ba ya cika mai da jijiyar da ta riga ta mutu.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, zafi mai gadi ne, ko da yake muryarsa ba ta da daɗi. Saboda haka duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, ya tsikare shi bai ji kome ba, to, ya garzaya asibiti tun da sauran gyara. Mai ciwon da ke ihu yakan nemi magani da kansa. Wanda jikinsa ya yi shiru shi ne ya fi bukatar a tuna masa.