Halin Gishiri da Yadda Za a Bi da Shi a Madafa

Gishirin da muke barbaɗawa a miya haɗin sinadarai biyu ne, sodiyam da kulorin. Sodiyam kan sakar wa kulorin ilektaron guda, sai ɗaya ya ɗauki cajin ƙari, ɗayan na ragi, kamar kawunan batir biyu. Wannan jan da ke tsakaninsu yana da ƙarfi ƙwarai, sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salsiyos kafin gishiri ya narke a wuta. Amma ruwa kaɗan kan raba su, domin ƙwayar ruwa ma tana da ɓangaren ƙari da na ragi.

1. Kada ki zuba gishiri cikin mai ki jira ya narke. Man gyaɗa da manja ba su da waɗannan ɓangarori, don haka gishirin zai kwanta a gindin kasko, yana nan garas-garas. Sa shi bayan tumatir da albasa sun saki ruwansu. Masu soya gyaɗa sun daɗe da gane wannan: sukan jiƙa ta a ruwan gishiri, su shanya, sannan su soya cikin yashi, shi ya sa ɗanɗanon ke shiga har ciki.

2. Tafasa ruwa ba ya ƙara narkar da shi sosai. Rabin lita na ɗaukar kimanin giram 180, ko da sanyi ko da zafi bambancin ƙanƙane ne. Juyawa ce ke gaggauta shi.

3. Da damina, idan laimar iska ta wuce kashi 75 cikin 100, gishiri kan jawo ruwa ya dunƙule. Ajiye shi a kwalba ko roba mai murfi, nesa da tururin murhu. Gwangwani kam a'a, jiƙaƙƙen gishiri na cin ƙarfe da tsatsa.

4. Sayi mai sinadarin aidin, wanda ke kare yara da masu juna biyu daga maƙoƙo. Kantun Bilma yana da daraja wurin dabbobi, amma ba a ƙara masa aidin ba.

5. A rage hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Dunƙulen magi ma gishiri ne mafi yawansa, kuma abin takaici ne a ga mai hawan jini na cin miyar da aka zuba wa duka biyun ba awo.