Darasi: Wace ƙasa ta fi daɗin zama?

Ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan ƙananan ƙasashe biyu ne na Afirka: Kap Ber da Gine Ekwatoriyal. A karanta sannu sannu. In an zo ga adadi, a tsaya a rubuta shi bisa allo.

Kap Ber tsibirai goma ne cikin teku, yamma da Senegal. Jiharmu ta Agadas ta ninka ta girma sau 160 da wani abu. Mutanenta wajen rabin miliyan ne, kusan daidai da yawan da aka samu a jihar Agadas a ƙidayar 2012. Ta samu mulkin kai daga Fotugal a 1975. Ba ta da man fetur, ba ta da zinariya. Ƙasar fari ce irin tamu. Tsakanin 1941 da 1948 yunwa ta kashe mutane dubu dubai a can.

Gine Ekwatoriyal tana kusa da Kamaru da Gabon. Ruwa da daji sun wadata. Ta samu mulkin kai daga Ispaniya a 1968. A 1995 aka gano mai da yawa cikin tekunta, kuɗi suka shigo kamar da bakin ƙwarya. A 2012, in aka raba arzikin shekara bisa yawan mutane, rabon ɗan Gine Ekwatoriyal ya kusa ninka na ɗan Kap Ber sau biyar.

To, sai mu ce Gine ta fi? A dakata.

Ga misali. Mutum goma suna zaune a mashekari ɗaya. Guda yana da raƙuma 100, sauran tara ba su da ko akuya. Mai lissafi zai raba 100 gida goma, ya rubuta cewa kowa yana da raƙuma goma. Lissafinsa daidai ne. Amma in dare ya yi, gida ɗaya kaɗai za a sha nono. Don haka masana ba su tsayawa ga kuɗi. Suna tambaya: yara nawa ke rayuwa? Shekara nawa mutum ke yi a duniya? Akwai ruwa mai tsabta? Akwai lakkol da likita kusa?

Ga abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa a 2022. Cikin yara 1,000 da aka haifa a Kap Ber, waɗanda ke mutuwa kafin shekara biyar ba su kai 15 ba. A Gine Ekwatoriyal sun kai wajen 70. A Kap Ber mutum na sa ran shekara 75 ko kusa. A Gine 60 da ƴan kai. A watan Janairu 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa zazzaɓin cizon sauro ya ƙare a Kap Ber.

Mene ne dalili? Lokacin mulkin kai, fiye da rabin manyan Kap Ber ba su iya karatu ba. Gwamnati ta buɗe makarantun manya irin waɗanda kuke zaune ciki, ta gina lakkol, ta dage da rigakafin yara. Yau cikin manya goma, kusan tara suna karatu. Tun 1991 kuma jama'a ke canza shugabanni da ƙuri'a. A Gine, kuɗin mai sun tafi ga manyan hanyoyi, otal otal da sabon birni cikin daji, abin da ya shiga likita da lakkol kaɗan ne. A 2017 wata kotu a Paris ta kama ɗan shugaban ƙasar da laifin cin dukiyar jama'a. Man kuma ya ragu ƙwarai.

Kada a ɗauka Kap Ber aljanna ce. Yawancin cimakarta sayowa take daga waje. Ƴaƴanta da ke ci-rani sun fi na gida yawa, gidaje da dama da kuɗin aike suke rayuwa, kamar masu jiran saƙo daga Libiya ko Aljeriya. A 2020 cutar korona ta tsayar da masu yawon buɗe ido, aiki ya tsaya. Maƙeran azurfa na Agadas sun san wannan ciwo tun 2007.

Mu ma Allah ya ba mu arziki cikin ƙasa. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Ma'adinin Akokan ya yi aiki daga 1978, aka rufe shi a 2021. A 2014 zinariya ta fito a Jado da Cibarakaten. Duk da haka, a 2022 cikin yara 1,000 na Nijar fiye da 100 ba su kai shekara biyar ba. A 2006 an yi doka wadda ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ya koma ga kominonin jihar da aka haƙo su. Mai karatu yana iya zuwa ofishin komin ya tambayi inda rabon garinsu ya shiga.

Aikin wannan mako: ku zauna da malaminku, ku ƙirga yaran da aka haifa a garinku bara, da waɗanda aka yi wa rigakafi cikinsu, da tafiyar awa nawa ce zuwa likita mafi kusa. Ku rubuta amsa da hannunku, ku aiko wa jarida.