Ɗigon jinin da ke tona asirin zuciya, da kasuwar da ke bayansa

Kusan dukkanmu mun taɓa ganin gwajin maleriya na nan take: a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan 'yar farar roba, bayan kamar minti 15 layi ya fito. To zuciya ma tana da nata gwajin jini, kuma kamfanonin da suka ƙware wajen yin sa sun tara dukiya mai yawa. Darasinmu na wannan makon ke nan.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Idan jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, ƙwayoyin tsokar sukan fara mutuwa, abin da ke cikinsu ya tsiyaye cikin jini. Kamar buhun gero ne a bayan amalanke: ba sai ka ga hujin ba, tsabar da ta zuba a hanya ta isa shaida. Tsabar da likitoci ke nema sunanta tiroponin, wani furotin ne da ke taimaka wa tsoka ta matse ta saki. Yakan fara hauhawa a jini cikin 'yan sa'o'i bayan bugun zuciya, kuma yana iya zama sama har fiye da mako guda.

Masanin Jafan Setsuro Ebashi ne ya gano tiroponin a shekarun 1960, amma wanda ya mai da shi gwaji shi ne likitan Jamus Hugo Katus, a ƙarshen shekarun 1980, tare da kamfanin Boehringer Mannheim. A 1998 kamfanin Roche na ƙasar Siwizalan ya saye wannan kamfani, gwajin ya zama nasa. Saboda haƙƙin mallaka, shekaru da dama Roche kaɗai ke sayar da gwajin tiroponin T, sai irin su Abbott da Siemens suka koma ga ɗan'uwansa, tiroponin I. Babbar sa'arsu ta zo a shekarar 2000, lokacin da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka amince cewa tiroponin ne ma'aunin da za a fifita wajen tabbatar da bugun zuciya. Daga nan duk asibitin da ke karɓar masu ciwon ƙirji ya zama mai saye.

A ina ribar take? Mun ɗauka a na'ura ne, ashe a sinadarin gwajin take. Wanda gidansu ke da mai ciwon sukari ya san wannan: na'urar awo sau ɗaya ake saye, amma 'yan tsinkayen da ake ɗiga wa jini kullum sai sun ƙare, kuma na wani kamfani ba ya shiga na'urar wani. Haka ake yi da ɗakunan gwaji. Sau da yawa kamfani yakan ajiye musu na'ura da sauƙi, da sharaɗin su riƙa sayen sinadarinsa na wasu shekaru. Dabara ce mai kyau ga kamfani. Ga mara lafiya kuwa, a ganinmu, ita ce ke sa farashi ya ƙi sauka.

Akwai gwaji na biyu da muke ganin ya fi shafarmu, wato BNP. Wannan sinadari ne da zuciya ke saki idan ta gaji, jini ya taru ya buɗa ta fiye da kima. Masanan Jafan ne suka gano shi a 1988. Wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Biosite ya fito da gwajinsa na gefen gado a shekarar 2000, kuma a 2007 aka saye kamfanin a kan fiye da dala biliyan ɗaya da rabi.

Me ya sa muka ce ya fi shafarmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. A nan arewa, cikin cututtukan zuciya, abin da ya fi kai mutane asibiti shi ne gazawar zuciya da hawan jini ke jawowa, sai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagara idan ta kwanta, a gida a ce gajiyar haihuwa ce. Gwajin BNP na iya nuna wa ma'aikacin lafiya cewa wannan sai an tura ta babban asibiti a ɗauki hoton zuciyarta.

Matsalar ita ce an ƙera yawancin waɗannan gwaje-gwaje ne don asibitin da wuta ba ta ɗaukewa. Sinadarai da yawa sai a firji, ana sayensu da dala, kuma suna da ranar lalacewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan cikas sana'a ce ga wani: mai haɗa firji mai aiki da hasken rana, mai gyaran na'urorin asibiti, mai ɗaukar jini daga ƙananan asibitoci zuwa babban ɗakin gwaji kafin ya lalace, da masanin da zai ƙirƙiro gwajin da ke jure zafin Afrilu. 'Yan ajin kimiyya su lura, aikin ɗakin gwaji digiri ne na shekara biyar a jami'a, kuma akwai hukuma ta ƙasa da ke ba da lasisi, ba shago ba ne da kowa zai buɗe.

Gargaɗi ɗaya kafin wani ya je ya ce a gwada shi. Tiroponin yakan hau ko ga mai ciwon ƙoda, don haka likita ne ke fassara sakamakon, tare da awon bugawar zuciya na ECG, kuma sau da yawa sai an maimaita gwajin bayan 'yan sa'o'i. Idan wani a gida ya ji nauyi a ƙirji tare da zufa, ko mai jego ta kasa kwanciya saboda numfashi, a wuce da su asibiti kai tsaye.