Wa'adin Manhajar Waya da Lissafin Ɗan Kasuwa

A ranar 4 ga watan Janairu na shekarar 2022, kamfanin BlackBerry na ƙasar Kanada ya rufe hidimomin da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da su. Mai karatu da ya yi harka a Legas, Kano ko Abuja wajen shekarar 2011 zai tuna irin martabar da wannan waya ta samu, lokacin da lambar BBM ta zama kamar katin shaidar ɗan kasuwa. Wayoyin da suka rage a hannun mutane ba su fashe ba, ba su kuma faɗa ruwa ba. Kamfanin ne ya janye hannunsa, amfaninsu ya tafi tare da shi. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wannan al'amari, wato cewa kowace wayar zamani tana da wa'adi iri biyu, na jikinta da na manhajarta, kuma na biyun shi ne wanda masu saye suka fi mantawa da shi.

Da farko ya kamata a bambance abubuwa uku da ake kira sabuntawa, domin jama'a kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai babbar manhajar da ke tafiyar da wayar baki ɗaya, Android ta kamfanin Google ko iOS ta kamfanin Apple, waɗanda ake fitar da sabon zubinsu kusan kowace shekara. Akwai kuma facin tsaro, ƙaramin gyara ne da ake aikowa don toshe wata kafa da aka gano ɓarayi za su iya shiga ta cikinta, kamar yadda mai faci ke toshe hujin taya. Sai na uku, sabunta ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da manhajar banki, wadda ake yi ta Play Store ko App Store. Na farko yakan canza kamannin waya, shi ya sa aka fi maganarsa. Amma ga mai ajiye kuɗi da sirrin ciniki a waya, na biyu ya fi nauyi.

Facin tsaro na wata-wata yana da asali. A watan Yuli na shekarar 2015 masu bincike suka bayyana wata ɓaraka a cikin Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin waya ta hanyar aika mata saƙon bidiyo kawai, kuma aka ƙiyasta cewa ta shafi wayoyi kimanin miliyan 950. Cikin watan da ya biyo baya Google ya fara fitar da facin tsaro a kowane wata. Haka kuma a shekarar 2019 kamfanin WhatsApp ya sanar da cewa an yi amfani da wata kafa a tsarin kiransa wajen dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyin mutane kimanin 1,400, ko da kuwa ba su amsa kiran ba. Abin lura a nan shi ne, da zarar an fitar da faci, an kuma tona wa duniya inda hujin yake. Wayar da ta karɓi gyaran ta tsira, wadda ba ta karɓa ba kuwa ta fi shiga haɗari fiye da jiya.

To me ya sa wata waya ke samun faci shekara da shekaru, wata kuma ta daina tun ba a gama biyan bashinta ba? Dalilin yana cikin yadda gyaran ke tafiya kafin ya iso hannun mai waya. Kamfanin Apple shi ke tsara wayarsa da manhajarta duka, saboda haka gyaransa kan isa ga kowa a lokaci guda. Android kuwa hanyarta doguwa ce. Google zai rubuta gyaran, sannan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, su daidaita nasu ɓangaren, daga nan kamfanin wayar ya ɗora shi a kan irin tufafin da ya yi wa Android: One UI a wayoyin Samsung, HiOS a Tecno, XOS a Infinix. Kowane zango yana cin albashin injiniyoyi da lokacin gwaji, kuma dole a maimaita aikin ga kowane samfuri. Kamfanin da ke fitar da samfura da yawa a shekara, yana cin riba kaɗan a kan kowace waya, ba shi da wani kuɗin shiga daga wayar da ya riga ya sayar shekaru uku da suka wuce. Ribarsa tana ga sabuwar da zai sayar. Wannan lissafi ne na kasuwa, kuma duk ɗan kasuwa zai gane shi.

Sai dai a 'yan shekarun nan gasa ta fara juyawa zuwa wannan fage. A watan Oktoba na shekarar 2023 Google ya yi alkawarin sabunta wayar Pixel 8 har tsawon shekara 7. A watan Janairu na 2024 Samsung ya bi sahu da alkawarin shekara 7 ga jerin Galaxy S24, sannan a ƙarshen wannan shekara ya ba Galaxy A16, wadda ke cikin masu sauƙin kuɗi, shekara 6. Tarayyar Turai kuma ta mayar da abin doka: daga ranar 20 ga Yuni, 2025, wayoyin da za a shigar kasuwarta sai an ci gaba da samar musu sabuntawa aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyaransu kuma shekara 7. Dokar ba ta hau kan kasuwar Nijeriya ba, amma samfurin da ake sayarwa a can da nan yakan ci moriyarta.

Akwai wani tarko a cikin waɗannan alkawura da ya kamata dillali da mai saye su sani. Kamfanoni suna ƙirga shekarun ne daga ranar da samfurin ya fara fita kasuwa, ba daga ranar da mutum ya saya ba. Wayar da ta yi shekara biyu a kwali a cikin shago, sabuwa ce fil a ido, amma ta riga ta cinye shekara biyu daga wa'adinta. Abin ya fi tsanani ga wayoyin tokumbo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda suka cika Computer Village a Ikeja da kasuwar Farm Centre a Kano. Da yawansu an rabu da su ne a can daidai lokacin da wa'adinsu ya kusa cika.

Idan wa'adin ya cika, wayar ba ta mutuwa a ranar. A hankali abin ke zuwa. Masu ƙananan manhajoji sukan ɗaga mafi ƙarancin zubin da za su yi aiki a kansa, domin kula da tsoho yana ci musu kuɗi. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai zubi na 5 ba, a shekarar 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus, saboda ba za su iya ɗaukar iOS 15.1 ba. Manhajojin bankuna ma haka suke yi, wani lokaci ma sun fi gaggawa. Wanda ya ga yadda ciniki ya koma kan tura kuɗi ta waya a farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, ya san abin da ake nufi da manhajar banki ta ƙi buɗewa alhali mai saye yana tsaye. Lambobin USSD suna aiki a kowace irin waya, har da ƙaramar mai madannai, kuma yana da kyau a haddace su don irin wannan rana, amma ba za su nuna hoton kaya ga abokin ciniki a Agadas ko Kumasi ba.

Ga yadda za a yi lissafin, da misalin farashi na ƙaddarawa. A ce waya ta farko Naira 180,000 ce, saura shekara 2 a wa'adinta; kowace shekara ta tsaya a kan Naira 90,000. Ta biyu Naira 300,000 ce, tana da shekara 6 a gaba. Shekararta Naira 50,000 ke nan. Mai arahar ita ce mai tsada. Amma kada a ɗauki wannan lissafi kamar ba shi da gyara. Batir ba ya kai shekara 6 da ƙarfinsa, sai an sa kuɗin canza shi aƙalla sau ɗaya, ga kuma sata da fashewar gilashi, waɗanda ba ruwansu da alkawarin kamfani. A ganinmu, wayar yaron shago da ke amsa kira da ɗaukar hoton kaya ba ta bukatar wannan tsanani. Wayar da asusun banki da lambar BVN da saƙonnin shaidar shiga suke a kanta ita ce ta cancanci a kashe mata kuɗi.

Duba wa'adin ba shi da wuya. A sashen saitin kowace wayar Android, wajen bayanin waya, akwai layin da ke nuna ranar facin tsaro na ƙarshe. Mai saye ya nemi a kunna wayar a gabansa, a haɗa ta da intanet, a nemi sabuntawa, sannan ya karanta ranar. In ta wuce shekara guda kuma babu wani sabo da ya zo, alama ce mai ƙarfi cewa kamfanin ya juya mata baya, kuma hujja ce ta neman ragi.

Wajen karɓar sabuntawar ma akwai tsari. Facin tsaro a sa shi da zarar ya zo. Babban zubi kuwa babu laifi a jinkirta shi kwana kaɗan a ji yadda ya yi wa wasu, kuma kada a fara shi ranar kasuwa ko da batir ƙasa da rabi. Kafin a fara, a adana saƙonni da lambobi. A nan akwai abin da ya canza wanda mutane da yawa ba su lura ba: tun shekarar 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android tana cin wuri daga cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, don haka wanda hotunan kaya suka cika masa ma'ajiya zai iya tarar da cewa ajiyar ta tsaya watanni da suka wuce.

Saura maganar sabuntawar jabu, wadda ta fi cin mutanenmu fiye da duk wata ɓaraka ta fasaha. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin waya take zuwa, ko daga Play Store da App Store. Banki ba ya aiko da ita ta saƙon tes, ba ya kuma kira ya nemi lambar sirri don a kammala ta. Al'adar tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender don tsimin data tana da fa'idarta ga wasa da waƙa, amma manhajar banki da aka karɓo ta wannan hanya ba a san hannu nawa ta bi ba. Haka GBWhatsApp da ire-irensa, waɗanda 'yan kasuwa ke so saboda ƙarin dabarun da ke cikinsu: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma yakan dakatar da lambar da ya kama tana amfani da su. Ga mai shagon da abokan cinikinsa na shekara goma suka san shi da lamba ɗaya, dakatarwar mako guda a lokacin kasuwar Sallah ta fi kuɗin sabuwar waya.