Maganar Da Ta Dace Da Taron Ƙungiyar Tarakta

Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, da shirin bunƙasa noma wanda Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar a 1980, gwamnatoci suka yi ta jan hankalin manoma su kafa ƙungiyoyin gama kai, don ƙaramin manomi ba ya iya sayen tarakta shi kaɗai. To, amma ƙungiya ba ta tsayuwa sai da taro, taro kuwa ba ya da amfani sai an tsaya a kan abin da ya tara jama'a.

A kudancin Jihar Kaduna ruwa yakan sauka tun watan Afrilu. Manoman citta na Kachia da Kwoi da Kagarko, da manoman masara na kewayen Kafanchan, duk lokaci ɗaya suke bukatar huɗa. Idan aka cinye taro da hira ba a tsara layi ba, wani zai rasa shuka a kan kari, hasarar shekara guda ke nan.

Ma'aunin Magana

Kafin shugaba ya ba da izinin tattauna wani batu, sai ya auna shi da tambayoyi uku:

1. Ya shafi motar kanta, wato mai, da kayan gyara, da direba?
2. Ya shafi kuɗin ƙungiya?
3. Ya shafi layi, wato gonar wa za a fara, ta wa za ta biyo?

In amsar ɗaya daga ciki i ce, batun na taro ne. In kuwa duka a'a ne, sai a nuna wa mai maganar inda ya kamata ya kai ta, cikin ladabi.

Batutuwa Masu Wuyar Rarrabewa

Rikicin iyakar gona ba aikin ƙungiya ba ne, na dagaci ne ko hakimi ko kotu. Abin da taro zai yanke kurum shi ne, tarakta ba za ta shiga gonar ba sai an sasanta.

Cutar amfanin gona ta malamin gona ce. Amma a 2023, lokacin da cuta ta lalata citta mai yawa a wannan yanki, duk wanda ya nemi a ɗaga masa biyan kuɗin haya bai kauce hanya ba, gama maganarsa ta taɓa asusu.

Siyasa da addini kuwa, a bar su a bakin ƙofa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce, tana cikin waɗanda ƙungiyoyin gama kai na duniya suka gada daga masaƙan garin Rochdale na Ingila, waɗanda suka kafa tasu a 1844. Kafanchan ta fi kowa sanin muhimmancinta. Tun da ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927 ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Hausawa da Fulani da Ibo da sauransu, Musulmi da Kirista. Tarzomar Maris 1987, wadda ta tashi daga Kwalejin Ilimi ta garin ta bazu har Zariya da Kaduna, daga gardamar addini ta faro. Magana zarar bunu ce.

Gargaɗi Ga Shugabanni

Kada a mai da wannan ma'auni sandar toshe bakin mutane. Wanda ya tambayi ma'aji inda kuɗin mai ya shiga, ko ya ce me ya sa aka fara da gonar shugaba, yana kan hanya sosai, kuma wajibi ne a ba shi amsa. Haka nan doka ɗaya ce ga kowa. In an dakatar da talaka, a dakatar da mai kuɗi idan ya yi irin tasa.

Ya kamata magatakarda ya karanta jerin batutuwa da farkon zama, a kuma keɓe ɗan lokaci a ƙarshe don sanarwar biki, ko rasuwa, ko gaida mara lafiya, domin zumunci shi ne gishirin ƙungiya. Da haka za a tashi da wuri, kowa ya san ranar da tarakta za ta iso gonarsa.