Tsohon Haske: Yadda Masana Suke Binciken Farkon Samaniya

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa ji a rediyo an ce masana sun auna shekarun sararin samaniya, sun sami biliyan 13 da miliyan 800, ka yi tsaki ka ce, to wa yake wurin? Tambayarka tana bisa hanya, babu wanda yake wurin. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna maka hanyar da suka bi, don ka iya rarrabe abin da aka auna da abin da har yanzu zato ne. Tun da wuri kuma mu share fage: ba maganar Wanda ya yi halitta ake yi ba, wannan ba abin da madubi ke hangowa ba ne. Ana maganar yadda abin da aka halitta yake a farkonsa ne, watau zafinsa, da cunkosonsa, da abin da ke cikinsa.

Wanda ya hangi nesa, ya hangi jiya

Haske shi ne mafi saurin abin da aka sani, yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Amma duk saurinsa sai ya ɗauki lokaci. Hasken rana yakan yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya taɓa fatarka. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, haskensu yakan yi wajen shekara 440 a hanya, watau wanda zai shiga idonka a daren yau ya baro gida fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai kuma wani ɗan fari-fari da mai kaifin ido kan gani a daren da babu wata, sunansa Andromeda. Garke ne na taurari bila adadin, irin garken da ranarmu take ciki, kuma haskensa ya yi shekara miliyan 2 da rabi yana tafe. Ka ga ke nan ba a ganin sama yadda take yanzu, sai yadda take a da can. Iya nisan da madubin hangen nesa ya kai, iya tsufan abin da zai nuna. Wannan shi ne jarin masu binciken nan kaf.

Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. To, haske da igiyar rediyo abu ɗaya ne, zangonsu ne kawai ya bambanta. A cikin hasken da ido ke gani, ja ne mai dogon zango, shuɗi kuma gajere. Kowane sinadari kuwa yana da tambarinsa da yake bari a wurare sanannu cikin haske. Daga 1912 wani Ba'amurke, Vesto Slipher, ya dinga duba hasken garkunan taurari, ya tarar a mafi yawansu tambarin ya gusa wajen ja, zangon ya miƙe, alamar suna nesanta da mu. A 1927 Georges Lemaître, wani limamin cocin Katolika a Beljiyam wanda kuma gwani ne a lissafi, ya nuna daga ƙa'idar Albert Einstein cewa sararin ne da kansa yake buɗewa. A 1929 Edwin Hubble, da babban madubin Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya kawo awo: garken da ya fi nisa ya fi saurin nesanta.

Kada ka ɗauka wani abu ne ya fashe a wani wuri, ɓaraguzansa suka watsu, mu kuma muna tsakiya. A'a. Tazarar da ke tsakanin garkunan da ke nesa da juna ce take ƙaruwa a ko'ina, kuma duk inda mutum ya tsaya haka zai gani. In kuwa tazara tana ƙaruwa, to a da ta fi ƙanƙanta, abin da aka matse kuma zafi yake yi. In aka yi ta komawa baya, za a isa lokacin da babu tauraro ko ɗaya, sai wuta da cunkoso. Magana ce mai daɗin faɗa, amma da me za a gwada ta?

Minti uku na farko

Ƙwayar zarra tana da cibiya. A cikin cibiyar akwai furoton da niyutiron, a kewayenta kuma akwai ilektaron. A 1948 George Gamow da ɗalibinsa Ralph Alpher suka ce, in dai samaniya ta taɓa yin zafi haka, to lalle a mintocin farko furoton da niyutiron sun harhaɗu sun yi sinadarai, kuma ana iya lissafa yawansu da ilimin da aka samu a ɗakunan gwaji na nan doron ƙasa. An gyara lissafin a shekarun 1960. Ga shi nan, ka bi shi da kanka. Lokacin da zafi ya sauka har haɗuwa ta yiwu, kamar minti 3 da farawa, duk niyutiron 1 akwai furoton 7. Ɗauki niyutiron 2 da furoton 14, duka 16 ke nan. Cibiyar hiliyam tana cin niyutiron 2 da furoton 2, watau 4. Saura furoton 12, su ne haidirojin. To, 4 cikin 16 rubu'i ne. Da aka je aka auna a gajimaren iskar da taurari ba su sauya sosai ba, sai aka sami hiliyam kusan rubu'in nauyi, saura kusan duka haidirojin. Taurari ma suna yin hiliyam, amma duk tsawon zamani ba su isa su yi mai yawa haka ba. Sai dai lissafin bai fita fes ba. Litiyam da ake samu a tsofaffin taurari kamar sulusin abin da lissafi ya ce ne, kuma har yau ba a daidaita a kan dalili ba.

Alpher da abokinsa Robert Herman sun ƙara wani hasashe a 1948 ɗin: wutar farko ba ta ɓace ba, hucewa ta yi, kuma ya kamata ɗuminta ya cika ko'ina, kamar digiri 5 sama da ƙarshen sanyi. Ƙarshen sanyi shi ne digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, babu abin da ke sauka ƙasa da nan. Ba a kula da maganarsu ba.

A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan sashen bincike na kamfanin tarho na Bell, suna aiki da wata eriya mai siffar ƙaho a Holmdel ta jihar New Jersey, sai wani shuu ya addabe su. Duk inda suka juya eriyar yana nan, dare da rana, lokacin sanyi da lokacin zafi. Suka zargi birnin New York, ba shi ba ne. Suka tarar tattabaru sun yi sheƙa a ciki sun ɓata ta da kashi, suka kwashe su suka goge tas, shuu bai fasa ba. Ashe ba nisa da nan, a Jami'ar Princeton, Robert Dicke da Jim Peebles da abokansu suna ta shirin neman wannan abu. Da aka haɗa su magana, sai gari ya waye. Aka buga sakamakon a 1965, Penzias da Wilson suka sami kyautar Nobel a 1978. In ka taɓa kallon tsohuwar talabijin mai eriya bayan tasha ta rufe, ɗan kaɗan daga yayyafin nan na kan allo daga wannan ɗumi yake.

Ga asalinsa. A shekara 380,000 na farko ilektaron suna yawo sakaka, haske ba ya yin nisa sai ya ci karo da ɗaya. Da zafi ya sauka zuwa wajen digiri 3,000, sai cibiyoyi suka kama ilektaron, hanya ta buɗe, haske ya kama tafiya. Tun daga nan samaniya ta buɗe ninki 1,100, zangon hasken ya miƙe daidai da haka, har ya koma igiyar rediyo. Shi ne mafi tsufan hasken da za a iya gani. Tauraron ɗan Adam mai suna COBE, wanda Amurka ta harba a 1989, ya auna shi digiri 2.7 sama da ƙarshen sanyi. A 1992 kuma ya gano ba sumul yake ba, akwai dabbare-dabbare, wani wuri ya fi wani ɗumi da kashi 1 cikin 100,000. Daga wannan ɗan bambanci garkunan taurari suka tsiro.

Amon samaniya

A ganina nan ne gwanintar take. Inda abu ya ɗan fi cunkoso, nauyi yana jawo ƙari zuwa ciki, hasken da aka matse kuma yana turowa waje. Ja da turi, ja da turi, wannan ai shi ne amo. Ƙwararren makaɗi in ya ji ganga daga bayan katanga, zai gaya maka girmanta, da ko fatarta a ɗaure take ko ta saki, alhali bai gan ta ba. Haka masana suke yi da dabbare-dabbaren nan, domin su ne hoton amon a daidai lokacin da ya tsaya.

An san saurin amo a cikin irin wannan wuta, an san shekarun da ya samu yana tafiya, saboda haka an san ainihin girman manyan tabban. In ka san girman abu, ka kuma auna yadda ya bayyana daga nesa, ka san ko haske ya zo a miƙe ko sarari ya lanƙwasa shi a hanya. Wata na'ura mai suna BOOMERanG da aka ɗaga da balan-balan a sararin Antatika ta ba da amsa a 2000: faɗin tabon kamar ninki biyu ne na faɗin wata ɗan daren goma sha huɗu, daidai da abin da lissafi ya ce in sarari a miƙe yake. Tauraron WMAP na 2001 da Planck na Turai na 2009 suka bi da awo mai tsanani, suka rarrabe ƙarfin kowace murya a cikin amon. Daga nan aka sami shekarun da ka ji a rediyo, aka kuma sami wani lissafi mai sanyaya jiki. Duk abin da aka yi da ƙwayar zarra, taurari da ƙasa da ni da kai, kashi 5 cikin 100 ne kacal. Kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi da ba ya haske. Kashi 68 wani ɓoyayyen ƙarfi ne da ke ƙara wa buɗewar samaniya sauri. An auna yawansu, ba a san ko mene ne su ba.

Abin da ya sa ake amincewa da wannan lissafi shi ne shaidu dabam-dabam sun yi daidai. Yawan ƙwayar zarra da amon ya nuna ya dace da wanda sinadaran mintocin farko suka nuna. A 2005 kuma masu ƙirgar garkunan taurari suka tarar garkuna sun fi yawan kasancewa da tazarar tafiyar haske ta wajen shekara miliyan 490 a tsakaninsu, sawun amon nan ne bayan ya miƙe.

Inda ƙafa ba ta taka ƙasa ba tukuna

Duba gabas, duba yamma, ɗumin ɗaya ne, alhali bisa lissafi na farko waɗannan sassa ba su taɓa samun lokacin musayar zafi ba. Wa ya daidaita su? A 1981 Alan Guth ya kawo shawara cewa a cikin wani ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙar farko samaniya ta yi wani kumburi na farat ɗaya, wanda ya raba sassan da suke manne da juna. Ƙarfin da ake magana a kai ya fi ƙarfin babbar na'urar gwaji ta CERN da ke Turai nesa ba kusa ba, don haka sama ce kaɗai ɗakin gwajinsa. Shawarar ta dace da awo da yawa, amma akwai shaidar da ake jira: in an yi kumburin, ya kamata ya girgiza sarari, girgizar kuma ta bar wata murɗiya a cikin tsohon hasken.

A watan Maris na 2014 masu na'urar BICEP2 da ke can ƙuryar kudancin duniya suka yi shelar sun ga murɗiyar. Jaridu suka ɗauka. Kafin shekara ta zagayo, da aka haɗa awonsu da na Planck, sai ta bayyana ƙurar da ke cikin garkenmu na taurari ta isa ta yi abin da suka gani. Sun yi gaggawa, babu shakka, amma da hannunsu aka yi binciken da ya rushe maganarsu. Har yau ana nema. Akwai kuma wata rigima a kan saurin buɗewar samaniya a yanzu. Masu lissafi daga tsohon haske sun ce 67, masu awo daga taurarin kusa, irin su Adam Riess, sun ce 73, a ma'auni ɗaya. Ko wani ya yi kuskure, ko akwai abin da ba a sani ba game da farkon samaniya.

Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, ya hango garken taurari yadda yake ƙasa da shekara miliyan 300 bayan farawa. Tsakanin sakin tsohon haske da kunnuwar taurarin farko kuwa duhu ne, sai haidirojin da ke fitar da igiyar rediyo mai zangon santimita 21. Wani sashe na farautar wannan igiya a Afirka ake yin sa. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu akwai tarin eriya mai suna HERA, kuma a Disamba 2022 aka fara gina wani tarin eriyar, mai suna SKA, a can da Ostireliya. Ghana ta mai da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama madubin rediyo a 2017. A Najeriya ana koyar da ilimin taurari a jami'ar Nsukka.

Awon Planck da na WMAP suna intanet kyauta, ba a tambayar kowa ƙasarsu kafin ya ɗauka. Abin da ake bukata shi ne lissafi da fiziks. Don haka, malamai da iyaye, in kuna da yaro ko yarinya mai ƙwazo a lissafi, kada ku ce masa wannan karatun na waɗansu ne, ku bar shi ya ci gaba.