Finafinan Aure Da Hukuncin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kan kaset ɗin bidiyo. Daga nan samari suka gane ashe mutum yana iya shirya fim ba tare da gwamnati ko wani babban kamfani ya tsaya masa ba. Kyamara ɗaya ta haya, da gidan aro, da abokai biyar ko shida, sai a kai kaset kasuwar Ƙofar Wambai. Yau kaset ya kau, YouTube da wayar hannu sun gaje shi, amma ƙarancin jari yana nan.

Wannan ƙarancin jari yana cikin dalilan da suka tsare masu sana'ar a tsakar gida. Wanda ba shi da kuɗin tara dawaki da mayaƙa, labarin da zai iya ɗauka shi ne na saurayi da budurwa, da ango da amarya masu burin gina nasu gida, da iyayen da suka ƙi yarda. To, aure kuwa babi ne na fiƙihu. Saboda haka duk mai shirya irin wannan fim ya zama mai karantar da hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ɗalibansa sun fi na kowace makarantar zaure yawa.

A dubi auren dole, wanda littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi ta magana a kansa, finafinai kuma suka ɗora. Sau da yawa akan nuna kawu ko yaya ya ɗaura wa yarinya aure tana kuka, ba a sami ko mutum ɗaya a cikin labarin da zai ce wannan ba hurumin kawu ba ne. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, ikon tilastawa, wato ijbari, na uba ne a kan 'yarsa budurwa, sai kuma wasiyyin da uban ya ba wannan iko. Sauran waliyyai sai ta balaga ta yarda, shirunta kuwa shi ne yardarta. Bazawara ko ubanta ba ya aurar da ita sai ta furta da bakinta. Imam Malik a Muwaɗɗa da Imam Buhari duk sun ruwaito cewa Khansa'u 'yar Khidam, bazawara, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi (S.A.W.), ya warware auren. Ga labari mai ratsa zuciya wanda ɗaki guda ya ishe shi, amma da wuya a ga an kwaikwayi irinsa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne saki. Miji ya fusata, ya yagi takarda ya rubuta, matar ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu a daren nan, kiɗan tausayi yana tashi. Mai kallo ya ga haka sau ɗari, sai ya ɗauka addini ne. Alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, har idda ta cika, sai fa in ta zo da alfasha bayyananniya. A sakin kome ci da sha da tufafinta duk suna wuyan miji har tsarki uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ƙarshen ayar ya nuna hikimar zaman: wataƙila Allah Ya kawo wani al'amari a bayan haka, malaman tafsiri suka ce kome ake nufi.

Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma muhawarar da aka daɗe ana yi ta fi karkata ga rawa da waƙa da sutura. Waɗannan ido yana ganinsu nan take. Kuskuren hukunci shi ne yake wucewa ba a lura ba. Gyaransa kuma ba ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin aiki: marubuci ya kai labarinsa wurin malamin fiƙihu ya duba masa kafin a kunna kyamara.

Allah Shi ne Masani.